Shekara 7 da Doguwa a gida ɗaya

A gidanmu na Kaltungo, da an yi sallar magariba ba mai sake kiran maciji da sunansa. Sai dai a ce igiyar ƙasa, ko abin ƙasa. Inna ko fito ba ta bari a yi da dare, wai kiran su ake yi. Kuma tsoron ba na banza ba ne, don ƙasarmu ƙasar kububuwa ce. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin masu saran maciji na garinmu a lokacin kaka ya san abin da nake faɗi: manoma da makiyaya jere a kwance, ƙafa ta kumbura kamar turmi, jini na tsattsafowa daga dasashi. Ɗan kawuna ya kwanta a can yana ɗan shekara 12, daga ɗaga damin dawa. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba.

To ni da na tashi a wannan gida, yau ga ni a Manchester da macijiya mai tsawon mita 2 da ɗoriya a ɗakin da nake ajiye littattafai. Sunanta Doguwa. Ranar da Inna ta ji sunan sai da ta yi salati, ta ce, "Babana, macijin bai ishe ka ba sai ka haɗa da sunan mutanen ɓoye?" Babana take ce mini don sunan mahaifinta gare ni. Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, tsawonta kawai na duba."

Ba sha'awa ce ta kai ni harkar ba, kuɗin haya ne. Ina karatun digiri na biyu guzuri ya yi ƙasa, na shiga neman aikin ƙarshen mako ko wane iri ne. Wanda na samu a wani shagon sayar da ƙadangaru da kunkuru da macizai ne, na wani tsohon Bature da magana ke yi wa wuya. Aikina wanke kwanukan ruwa, kwashe kashi, canza shimfiɗa. Makon farko da doguwar safar hannu ta roba nake komai, ina karanto duk addu'ar da na sani. Tsohon ya lura, bai ce uffan ba, sai ya ɗauko wani ɗan jan maciji na Amurka da suke kira macijin masara, ya ɗora mini a hannu, ya juya ya ci gaba da lissafinsa. Abin ya zagaye wuyan hannuna ya kwanta lamo kamar igiyar guga. Daga ranar na cire safar. Daga ranar kuma na ɗauka duk macijin da ba shi da dafi haka yake.

Ɗakin baya ne ya gyara mini zama. Can tsohon yake ajiye nasa na kansa, waɗanda ba na sayarwa ba, kusan duk manyan macizan ɓera na Asiya. Sunan nan macijin ɓera buhu ne da aka zuba abubuwa da yawa a ciki, wasunsu ma ba dangin juna na kusa ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne ɓera suke ci, ba su da dafin da zai cuci mutum, dogaye ne sirara, kuma yawancinsu 'yan yawo ne da rana. A wannan na ƙarshen gizo ke saƙa. Mesa tana iya kwanciya wuri guda kwana da kwanaki tana jiran abinci ya kawo kansa, kasa ma haka. Waɗannan kuwa bin sawu suke yi, su hau bishiya, su leƙa rami, su shiga rumbu. Idanunsu manya ne, motsi kaɗan sun gani. A daji in suka hango mutum, kafin ya ɗaga sanda sun ɓace, kamar tsadaraki a gonar gyaɗa. To ka ɗauki dabbar da duk dabararta gudu ce, ka sa ta a akwatin da ba wajen gudu, sannan ka zuro hannu ta sama kamar shaho ya kawo sura. Me ya rage mata in ba sara ba? Yawancin abin da masu kiwo ke kira mugun hali, ni dai abin da na gani tsoro ne da ya rasa ƙofar fita.

Doguwa 'yar asalin Taiwan ce, daga jinsin da masana ke kira Elaphe taeniura, Turawa kuma suka laƙaba musu sunan kyawawa. Sunan bai yi ƙarya ba. Daga wuya zuwa tsakiyar jiki ruwan zuma ce da baƙaƙen ɗigo manya bi da bi, daga tsakiya zanen ya narke ya koma dogayen layuka har ƙarshen wutsiya, sai ka ce macizai biyu aka ɗinke. Ga baƙin layi ya taso daga ido ya yi baya, kamar wadda ta ja kwalli za ta biki. A Ingila aka ƙyanƙyashe ta. Wani ne ya saye ta tana 'yar mitsitsiya, bayan shekara 2 ya dawo da ita cikin rigar filo ya ce ya gaji, ko ruwa ba ya iya canza mata sai ta kai masa sara. Da na gama karatu na sami aikin gaske, na je sallama, tsohon ya nuna ta da haɓa ya ce, "Ɗauke ta. Kai kaɗai ne ba ta tsana sosai ba."

Kafin a kai nan ta riga ta buga mini tambari. Wata Asabar na gama raba wa ƙananan macizai ɓerayensu, ban wanke hannu ba, na zuge ƙofarta zan ɗauki kwanon ruwa. Na ga ta janye wuya ta lanƙwasa shi, wutsiya na karkarwa a kan shimfiɗa tana ƙara kamar ana kaɗa busasshen ganye. Duk gargaɗin da ya kamata ta yi ta yi, ni ne ban iya karatun ba. Ban ga tahowarta ba, ji kawai na yi an kama ni tsakanin babban yatsa da manuni. Zan fizge ke nan tsohon ya daka mini tsawa daga bakin ƙofa: "Kada ka ja!" Haƙoransu ƙanana ne kamar ƙayar kifi, layi 4 a sama, 2 a ƙasa, duk sun karkata baya. In ka fizge ka yage fatarka, ita kuma ka karya mata haƙora, bakin ya zo ya yi gyambo. Na tsaya cak, zuciyata na dukan uku-uku, asibitin garinmu kawai nake gani. Ba ta daɗe ba ta saki da kanta ta koma lungu. Abin da ta bar mini 'yan ɗigo-ɗigon jini ne a jere, siffar kofaton doki. Sabulu da ruwa, shi ke nan. Kyanwar maƙwabta ta taɓa yi mini abin da ya fi wannan. Amma daren nan ban runtsa ba, bini-bini na tashi in duba dasashina a madubi, alhali na san sarai ba ta da dafi. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ashe tun kafin a sare ni nake gudun.

Yadda muka daidaita ba wani asiri a ciki, lokaci kawai ya ci. Da na kawo ta gida na bi abin da tsohon ya koya mini. Mako 2 ban taɓa ta ba, ban ma tsaya a gabanta ba. Na cika kejin da rassa da ganyen roba da maɓoya 3, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, ɗaya a sama, don macijin da ya san yana da wurin ɓuya shi ke yarda ya fito. Bayan nan na riƙa jawo kujera in zauna kusa da gilashin in yi karatuna, awa guda kullum, ko kallonta ba na yi. Sai na fara zuge ƙofar ina zaune. In zan taɓa ta, da sanda mai ƙugiya nake fara shafa mata baya, ta san yau ba ranar abinci ba ce. In ranar abinci ce kuwa dogon awartaki take gani, ba ta taɓa karɓar ɓera daga yatsuna ba. Ta ƙasa nake tallafo ta, kuma ba na damƙa, sai dai in riƙa sauya hannu tana zarcewa, kamar mai jan ruwa a rijiya. In ta ci nakan ba ta kwana 2, don in aka dame ta tana iya amayo shi. In kuma idonta ya yi shuɗi-shuɗi kamar an ɗiga nono, saɓa ta kusa, ba ta gani sosai, a lokacin kowa abokin gaba ne. Wata 8 aka yi kafin ranar da ta fito don kanta, ta miƙo kai ta ɗora a gwiwata, harshe na fita yana komawa, ta bi hannuna ta haye kafaɗa ta wuce kan kantar littattafai.

Kada wani ya ce ta so ni. Na daɗe ina lallashin kaina in yarda da haka, amma ƙarya ce. Kafaɗata reshe ce a wurinta, reshe mai ɗumi da aka gwada aka ga ba ya cizo. Ta san warina, wannan kam ba shakka, da harshe take ɗebo shi ta kai wani gurbi a ganɗarta. In baƙo ya shigo ɗakin takan janye ta shige maɓoya, in ni ne ta ci gaba da harkarta. Iyakacin zumuncin ke nan. Ba ta zama a hannu kamar macijin masara, kullum akwai inda take son zuwa, kuma yawanci sama ne: labule, saman ƙofa, fitila. Daɗin kiwonta a kallo yake. Bayan na idar da asuba fitilarta kan kunnu, sai ta fito ta shimfiɗa rabin jiki a reshen da ke ƙarƙashin zafin, sauran rabin na lilo. In na gifta, kanta ya bi ni daga wannan kusurwa zuwa waccan. Akwai mesa a shagon da na yi wata da watanni ina yi wa hidima, ban taɓa jin ta san ina duniya ba.

A ɗakin bayan nan akwai wanda ban taɓa daidaitawa da shi ba, Elaphe carinata, sarkin macizan ɓera. Mutanen Sin suka naɗa shi, saboda zanen da ke kansa ya yi kama da harafinsu mai nufin sarki, layi 3 a kwance, ɗaya a tsaye ya ratsa su. A Taiwan kuwa ba su yi masa kara ba, sunan da suke kiransa da shi da kalmar wari ya fara. Ya kai Doguwa tsawo, ya fi ta kauri nesa ba kusa ba, baƙi da rawaya, jikinsa kaushi kamar magagari. Shi ba ya ja da baya. Kana zuge ƙofa zai cika ciki ya yi huci kamar an sace iskar taya, ya taho. In ka kama shi ya saki makaminsa na biyu, wani ruwa daga gindin wutsiya. Na san warin jaɓa, na san na ruɓaɓɓen ƙwai, na taɓa bi ta majema da rana tsaka. Wannan ya haɗa su duka. Ranar da ya zuba mini a riga, a bas ɗin komawa gida kujerun da ke kewaye da ni ba kowa har na sauka, rigar kuma a bola ta ƙare. Ga shi macizai yake ci, har masu dafi, ga ƙwai, manoman can sun san shi a akurkin kaji. Shi ya sa ba a haɗa shi keji da kowa, ko barbara za a yi sai an ƙosar da su an tsaya a kansu. Akwai masu cewa nasu ya yi laushi da shekaru, ban musa ba, kowane da halinsa kamar 'ya'yan mutum. Na tsohon dai shekara 11 yana hannunsa, kuma kullum kamar ranar suka fara haɗuwa.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne daman. Haka mutanen Indiya ke kiransa, masana kuma Ptyas mucosa. Daga Afganistan har Indunusiya ana samunsa, a gonakin shinkafa da bayan gari. Mita 2 a wurinsa ba abin magana ba ne, akan sami wanda ya haura 3, ɗan'uwansa Ptyas carinata na dazukan Malesiya da Indunusiya ma yana dosar 4. In ya fusata yakan kumbura wuya ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa, kamar na kare daga nesa. Wasu masana na ganin kwaikwayon sarkin gamsheƙa yake yi, wanda shi ma gurnani gare shi, alhali shi sarkin gamsheƙar irin su daman ne abincinsa. Kamannin ba su yi masa rana wurin mutane ba, don da yawa a zaton gamsheƙa ake kashe shi, ga shi kuwa shi ke rage wa manomi ɓera. A Indiya dokar kare namun daji ta 1972 ta hana kama shi ko ajiye shi a gida. Fatarsa ma ta jawo masa, an yi ta fitar da ita ana jaka da takalmi, har a 1990 aka sa shi cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta ce ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda.

Namu wani ne ya kawo shi shagon. Ya saya a hannun dillali a matsayin ƙyanƙyasar gida, ashe kamun daji ne. Da gani ba tambaya: tsofaffin tabbai a baya, kaska 2 maƙale a wuya, kashinsa da likitan dabbobi ya duba cike da ƙwan tsutsa. Aka ba ni shi in kula. Ban taɓa ganin abu mai rai da sauri irin nasa ba. Inuwa na giftawa sai ka ji ƙum, ya daki gilashi da hanci. Muka manna takarda a gilashin don ya daina hangen waje, sai ya koma bin kusurwa yana goga hanci yana neman kafa, har fatar ta saluɓe, naman ya fito ja. Muka mai da shi kejin da ya fi kowanne girma a shagon, wanda a wurin dabbar da ta saba ratsa gona kafin hantsi bai wuce kurkuku ba. Ɓera ya ƙi. Aka gwada ɗan tsako, ya ci sau ɗaya, kuma a nan na ga yadda suke yi: ba ya naɗe abinci ya matse kamar mesa, danne shi yake yi da jiki a ƙasa ya haɗiye, ko da yake tsakon matacce ne sai da ya danne shi. Bayan nan bai sake kallon komai ba. Wata 5 ya yi. Ranar da na same shi a miƙe a bakin ƙofar keji na ɗaga shi, karon farko ke nan da bai yi mini gardama ba. Ƙashin bayansa ya fito kamar kaifin wuƙa.

A hanyar gida hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ya yi ta faɗo mini. Mu mun miƙa masa abinci, shi ne ya ƙi, amma wannan bai sanyaya mini rai ba. Tun daga nan duk wanda ya tambaye ni daman amsata ɗaya ce. In kamun daji ne kada ka ba da ko fam ɗaya, don duk wanda aka saya wani za a koma a kamo. In ƙyanƙyasar gida ne, kana da ɗaki guda da za ka bar masa? In babu, bar kaza cikin gashinta.

Ba duka ne 'yan tijara ba. Na yankin kogin Amur, tsakanin Rasha da Sin har Koriya, baƙi mai ratsin rawaya, yakan haura mita 1.5 amma sanyin hali gare shi, in ka buɗe ƙofa shi ke fitowa ya ga ko wane ne. Na Japan da suke kira aodaisho ma da sauƙinsa. A garin Iwakuni akwai zabiyoyinsu, farare tas masu jan ido, da mutanen garin suka daɗe suna girmamawa don suna tsare musu rumbunan shinkafa daga ɓera, a 1972 gwamnati ta sa su cikin halittun da ƙasa ke karewa. Wanda bai taɓa kiwo ba kuma ya nace sai na Asiya, ga inda zai fara.

Hidimar kuwa ba kaɗan ba ce. Kejin Doguwa ƙafa 8 ne a kwance, 4 a tsaye, a cikin ɗakin kafinta ya haɗa shi don ba zai shiga ta ƙofa ba. Ba ta son zafi irin na mesa. Ina ba ta digiri 28 zuwa 30 a ƙarƙashin fitila, kamar 22 a ɗaya gefen, da na'urar da ke yanke wuta in zafin ya wuce. A 2022 da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi a Ingila, mu muna ƙudundune cikin bargo, ita tana shan ɗumi. Ɓera babba ɗaya take ci duk kwana 10 zuwa 14, daskararre nake saya in narkar a ruwan ɗumi, ba na ba ta mai rai, don ɓeran da aka ritsa yana iya cire wa maciji ido. Ɓerayen nan ne suka kusa haɗa ni da uwargida. Satin da ta tare ta buɗe firiza neman nama, ta ci karo da leda cike da wutsiyoyi. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da sauƙi. Rufewa ta yi ta zo ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, macijin na sani kafin in zo, na kuma yarda. Amma ba a gaya mini naman miyata da gafiya za su kwana wuri ɗaya ba." Washegari na sayo ƙaramar firiza ta biyu, aka wanke babbar sau 3. Kuma gaskiyarta ce, macizai da abincinsu na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, wanke hannu da sabulu bayan taɓa su dole ne.

Sau ɗaya ta gudu. Na bar ƙofar gilashin da 'yar kafa da ba ta kai faɗin yatsa 2 ba, ta sa hanci ta tura. Doka ba ta hana ni ajiye ta ba, dokar 1976 ta dabbobi masu haɗari a ɓangaren macizai masu dafi ta shafa, su ke buƙatar lasisi daga ƙaramar hukuma. Amma wa zai tsaya yi wa tsohuwar da ke ƙasanmu bayanin doka in ta tarar da mita 2 a bahon wankanta? Kwana 3 muna nema. Na barbaɗa fulawa a bakin kowace ƙofa don in ga sawu, na janye injin wanki, uwargida ta koma kwana a falo da fitila a kunne, ƙafafu a kan kujera. A dare na uku na ga layi a fulawar ya nufi ɗan lungun tukunyar ruwan zafi. Tana can sama naɗe da bututu, ta yi buɗu-buɗu da ƙura, ta dube ni kamar ni ne na faɗo mata ba sallama. Yanzu kwaɗo 2 ne a ƙofar. Kuma abin ya wuce tsorata maƙwabta. Danginta da suka kuɓuce a garin Hasselt na Beljiyam sun zauna daram a gefen layin dogo, suna jure sanyin Turai suna hayayyafa. A tsibirin Okinawa ma 'yan Taiwan irinta sun bazu, har Japan ta hana shigo da su ko kiwon su ba izini.

Gida kuwa har yau ba a gama shari'ar ba. Kawu, mahaifin yaron nan da kububuwa ta sara, shi ya fi kowa zafi. Ya kira ni ya karanto mini hadisin da ya ce a kashe baƙaƙe biyu ko ana cikin salla, maciji da kunama, ya ce, "Kai ɗan nan, abin da aka ce a kashe shi ka ɗauka kana ciyarwa da kuɗinka? Karatu ka tafi ko gardanci?" Na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarku, wannan ba ta da dafi." Ya ce maciji maciji ne. Ban ja da shi ba. Mutumin da ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya yi gudu da shi zuwa asibiti, ba ni zan koya masa bambancin macizai ta waya ba, kuma ni ba malami ba ne. Abin da na iya gaya masa shi ne ba ni na kamo ta ba, ba ta da dajin da za ta koma, irinta kan yi shekara 15 zuwa 20, tunda na karɓa sai na kai ta, kuma daga ita ba ƙari.

Inna ta sauko a hankali. Da farko in muna waya ta bidiyo sai ta ce in fita daga ɗakin. Yanzu takan ce, "Juya mini in ga abar," ta kalla ta ce tir, sannan ta tambaya ko ta ci.

A watan jiya Doguwa ta yi saɓa, ta fita ɗungurungum ba ta yage ba, har da murfin idanu. Na maƙala ta a saman ƙofa, ta sauko har ƙasa da saura. Na ɗauki hoto na tura rukunin WhatsApp na gida, ba wanda ya tanka sai yara da suka yi ta dariya. Bayan isha'i sai ga kiran Kawu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya yi shiru, sannan ya yi gyaran murya. "Wannan saɓar," ya ce, "kada ka yar. Akwai wani mai magani a nan da ya daɗe yana neman cikakkiya. In an sami mai tahowa ka ba shi." Tana cikin ambulan a kan kanta, ina jiran wani abokina da zai je gida bikin ƙanwarsa.